Sayen Haɗin Gwiwa: Yadda Ƙungiyar Makiyaya Ke Rage Kuɗin Dusa da Maganin Bisashe

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar bisashe a watan Mayu, ko ta Dakwaro, ko ta Tanut, ko ta Abalak, ya san abin da zan faɗa. Makiyayi ya koro karsana wadda ake ƙirga haƙarƙarinta tun daga nesa. Dillali ya taya ta tayin wulaƙanci, don ya san mai ita ba ya iya komawa da ita gida. Ya sallama, ya karɓi kuɗinsa, ya nufi layin masu dusa, ya tarar da buhu ya yi tsadar da bai yi ba duk shekara. A rana ɗaya ya yi asara biyu: ya sayar da dabba lokacin da ta fi arha, ya sayi cimakar bisashe lokacin da ta fi tsada. Haka aka gani da muni a bazarar 2010, lokacin da ciyawa ta ƙare da wuri kuma garkuna da yawa suka halaka.

A aikina na kula da lafiyar bisashe, dabbobin da ake kirana in duba a bazara sau da yawa yunwa ce ta fara kada su, ciwo ya zo ya ƙarasa. Shi ya sa nake ɗaukar maganar sayen dusa da magani a matsayin maganar lafiya. A yau zan yi bayanin sayen haɗin gwiwa: mene ne shi, daga ina sauƙin yake fitowa, da kuma abin da ke rusa shi.

Mene ne sayen haɗin gwiwa?

Sayen haɗin gwiwa shi ne masu buƙatar kaya iri ɗaya su haɗa buƙatarsu, su tunkari mai sayarwa da baki ɗaya. Maimakon mutum 40 kowa ya sayi buhu 5, sai ƙungiya ta nemi buhu 200 a tashi ɗaya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1844, a garin Rocdel na Ingila, wasu ma'aikata 28, da yawansu masaƙa, sun tara ƴan kuɗinsu suka buɗe shagon abinci na kansu, saboda kayan da ake sayar musu sun yi tsada kuma akwai algus a ciki. Daga wurinsu ne ƙungiyoyin gama kai na duniya suka gaji yawancin ƙa'idojinsu. A Amurka kuma, tun 1910 asibitocin birnin Niyok suka fara haɗa sayayyarsu wuri ɗaya, har yau kuma yawancin asibitocin ƙasar ta irin waɗannan ƙungiyoyi suke sayen kayan aiki.

Abin yana da salo biyu, kuma duka biyun suna da amfani a wurinmu.

Na farko: ƙungiya ta tara kuɗi, ta sayo kaya, ta ajiye a mangaza, ta riƙa sayar wa mambobinta. Bankunan cimakar bisashe da ke garuruwa da mashekarai da yawa a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa haka suke aiki.

Na biyu: ƙungiya ba ta taɓa kayan da hannunta. Aikinta ta daidaita farashi da sharuɗɗa da mai sayarwa, sannan kowane mamba ya je ya biya ya karɓi nasa bisa farashin da aka yanke. Wannan shi ne salon asibitocin Amurka. Ba ya buƙatar mangaza ko mai gadi, kuma shi ya fi dacewa da maganin bisashe, kamar yadda za mu gani.

Daga ina sauƙin yake fitowa?

Da yawa suna zaton duk ribar tana cikin ragin da babban ɗan kasuwa ke yi wa mai sayen sari. Ragin yana nan, amma shi ne ƙarami. Ƙofofin sauƙi huɗu ne.

Ta farko, farashin sari. Kafin buhun dusar alkama ya iso kasuwar ƙauye ya bi hannu uku ko huɗu, kowane hannu da ribarsa. Ƙungiyar da ta je wurin babban dila a Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni ta tsallake wasu daga cikin hannayen nan. Shi ma dila yana son mai ɗaukar tan 10 ya biya nan take, don ya huta da jiran masu ɗai-ɗai.

Ta biyu, sufuri. Tan ɗaya buhu 20 ne na kilo 50. Mota ɗaya da ta ɗauko buhu 200 ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan mutum 40 kowa ya biya kuɗin motarsa, da na buhunansa, da na abincin hanya, ya kuma bar garkensa yini guda.

Ta uku, lokaci. Wannan ita ce babbar ƙofa. Cimakar bisashe tana da sauƙi bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da harawa da kara da ciyawa ke nan kuma ba kowa ke neman dusa ba. A daidai wannan lokaci ne kuma bisashe ke da ƙiba da daraja a kasuwa. Wanda ya sayar da rago ɗaya a Disamba ya zuba kuɗin a ƙungiya ya sayi abin da sai ya sayar da biyu kafin ya samu a Mayu.

Ta huɗu, inganci. Mai sayen buhu ɗaya ba ya da bakin cewa a auna masa ko a kwance buhu. Mai sayen 200 yana da shi.

Ga misali don a ga yadda lissafin ke tafiya. Alƙaluman na misali ne kawai, kowace ƙungiya ta saka farashin kasuwarta na ranar. A ɗauka dila ya ba da buhun dusa a kan sefa 7,500 a Disamba. A ƙara 500 na mota, 100 na ƴan dako, 200 na mangaza da mai gadi, da 200 da za a bar wa asusun ƙungiya. Buhu ya tashi 8,500, wato jaka takwas da rabi. A ɗauka a kasuwar ƙauye a wannan watan buhun yana 9,000, a Mayu kuma ya kai 12,000. Ke nan sari da sufuri sun rage sefa 500 kacal a buhu, saye da wuri kuma ya rage 3,000. Mai buhu 5 ya tsira da sefa 17,500. Ƙungiyar mutum 40 ta tsira da 700,000.

Darasin a fili yake: ƙungiyar da ta tara kuɗi a makare, ta je sari a watan Afrilu, ta sha wahalar haɗin gwiwa amma ta rasa mafi yawan ribarsa.

Yadda ake auna buƙata

Kafin a yi maganar kuɗi, a zauna a ƙirga bakin da za a ciyar. Ba duka garke ake ba dusa ba. A fara da masu ciki, masu shayarwa, shanun noma, da waɗanda suka rame. Don tsara lissafi, ana iya ɗaukar kilo 1 zuwa 2 a rana ga saniya, giram 200 zuwa 300 ga tunkiya ko akuya, ƙari a kan abin da suka samu a kiwo. Saniyar da za a ba kilo 1 kullum tsawon kwana 90 tana buƙatar kilo 90, wato kusan buhu 2. Tumaki 10 a kan giram 250 kowace suna cin kilo biyu da rabi a rana, buhu ɗaya a kwana 20.

A kuma yanke irin kayan da ake so. Dusar alkama da gurya da tunkuzar auduga ba aikinsu ɗaya ba. Tunkuza ta fi gina jiki, don haka kaɗan ake ba da ita. Kayan auduga suna da wani sinadari da ke cutar da ƴan maruƙa da ƴan tumakin da ba su fara tuƙa sosai ba, da jakuna da kaji, don haka kada a ba su. Duk sabon abinci kuma a shigar da shi sannu a hankali cikin mako guda ko biyu, don gudun kumburin ciki da zawo.

Kowane mamba ya faɗi adadinsa a gaban taro, a rubuta, ya kuma ba da kafin alƙalami. Odar da ba kuɗi a ƙarƙashinta magana ce kawai, kuma ita ke barin ƙungiya da kaya a hannu.

Wajen magani, a yi hattara

Magani ba kamar dusa ba ne. Doka ba ta yarda kowa ya buɗe shagon maganin dabbobi ba, kuma a ƙasashen UEMOA, tun 2006, akwai tsarin bai ɗaya na ba magani izinin shiga kasuwa. Saboda haka ƙungiya ba za ta zama kantin magani ba. Abin da ya dace shi ne salo na biyu: ta ƙulla yarjejeniya da likitan dabbobi mai izini na yankinta, da mataimakansa da ke zagaya ƙauyuka, ko da ma'aikatar kiwo, a daidaita farashi da ranar aiki.

Ga inda haɗuwa ke da amfani. Ibamektin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, maganin tsutsa da ƙazuwa, ana yin mililita 1 ga kowane kilo 50 na nauyin dabba, a ƙarƙashin fata. Kwalba mai mililita 50 ta ishi shanu 10 masu kilo 250, ko awaki 100 masu kilo 25. Matar da ke da awaki 6 ba ta buƙatar fiye da mililita 3. Ba za ta sayi kwalba ba, sai ta nufi mai tebur a kasuwa, ya zuƙo mata wani ruwa a sirinji daga kwalbar da ta yini cikin rana. Ba ta ga ranar lalacewa ba, ba ta san ko an sirka ba. Idan matan unguwa 15 suka haɗa awakinsu, kwalba ɗaya daga hannun likita ta ishe su, kowace ta biya daidai abin da aka yi wa nata.

Allurar rigakafi ta fi nuna wannan. Yawancinta a kwalba mai allura 50 ko 100 take zuwa, tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma wadda ake narkawa, da zarar an haɗa ta da ruwanta sai a ƙare ta cikin ƴan awoyi. Gwamnati tana yin kamfen na kyauta kowace shekara a kan ciwon huhun shanu da annobar tumaki da awaki. Amma akwai wasu, kamar ta ciwon saifa da ta harbin daji, da makiyayi ke nema da kuɗinsa, kuma an fi son a yi su kafin ruwa ya sauka. Ba wanda zai fasa kwalbar allura 100 don shanu 7. Idan ƙungiya ta tara garkuna a rana ɗaya a wuri ɗaya, kwalba ba ta asara, kuɗin man babur na ma'aikaci ya rabu tsakanin mutane da yawa, kuma duka yankin ya samu kariya lokaci guda.

Akwai kuma abin da ba a tarawa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su oksitetrasiklin kada a saye shi da yawa don an samu arha. Idan yana jibge a gida, za a riƙa yi wa duk dabbar da ta yi tari, da haka ƙwayoyin cuta ke sabawa da shi har ya daina aiki, kuma saurarsa na shiga madara da naman da iyalanmu ke ci. Ko albendazol, da kowa ya raina, ba a ba dabbar da ke farkon ciki. Arha ba ta ado idan ta kai ga ɓari.

Ranar karɓar magani, wakilan ƙungiya su duba abu huɗu tare da ma'aikaci: sunan kamfanin da ya yi shi, lambar rukuni, ranar lalacewa, da murfin kwalba ko an taɓa shi. A karɓi faktir mai hatimi. Da ita ake komawa idan kaya suka fito da matsala.

Matakan saye, daga taro zuwa rabo

1. A yi taron ƙirga buƙata tun ƙarshen damina, a tsayar da ranar rufe karɓar kuɗi.
2. A nemi farashi daga dila uku aƙalla. A tambayi kowane: nauyin buhu nawa, farashin ya haɗa da kawowa ko a'a, ran nawa kaya za su iso, kuma wa zai ɗauki asarar buhun da ya jiƙe ko ya fashe.
3. A karanta amsoshin a gaban mambobi kafin a zaɓa.
4. Kada mutum ɗaya ya tafi da kuɗi. Aƙalla uku su je, cikinsu har da wanda ba ɗan kwamitin gudanarwa ba.
5. Kada a biya duka kafin a ga kaya. A ba da wani kaso, sauran sai an sauke an ƙirga.
6. Ranar sauke kaya a zaɓi buhuna daga gaba, tsakiya da bayan mota a ɗora a sikeli. A zura hannu cikin buhu: idan da ɗumi, ko dunƙule-dunƙule, ko warin funfuna, a ƙi shi. A zuba tafi ɗaya na dusa cikin ƙwaryar ruwa a motsa. Yashi zai kwanta a ƙasa, ɓuntun shinkafa kuma ido na gane shi.
7. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango, a mangazar da ba ta yoyo kuma iska na shiga. A riƙa duba gara da ɓera. Wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Dusa ba ta jure dogon ajiya kamar hatsi, don haka a sayi abin da za a cinye kafin damina ta zauna. Abincin da ya yi funfuna yana iya ɗauke da guba mai lalata hanta, wadda har cikin madara take fitowa.
8. A kafe farashin sayarwa a ƙofar mangaza, a kuma tsayar da iyakar buhunan da mutum ɗaya zai iya ɗauka, don kada mai ƙarfi ya kwashe ya kai kasuwa.

Abin da ke rusa ƙungiya

Na ga mangazu da aka gina da kyau, yau awaki ke kwana a ciki. Ba fari ne ya rufe su ba. Abu uku na fi gani.

Na farko bashi. Wata ƙungiya da na yi aiki da ita ta cika mangazarta shekarar farko. Da bazara ta yi tsanani, kowa ya zo da uzurinsa, kuma uzurin gaskiya ne. Ma'aji ya kasa hana kawunsa, ya kasa hana surukinsa. Ni kaina na goyi bayan a ba da bashi, don ina ganin halin da dabbobin ke ciki. Da kaka ta zo, abin da ya dawo bai isa cika rabin mota ba, kuma bazarar da ta biyo baya kowa ya koma kasuwa, har da waɗanda suka biya. Daga nan na koyi cewa kuɗin juyi ba na mai buƙatar yau kaɗai ba ne, na dukan mambobi ne na baɗi. Idan ana son taimaka wa marasa ƙarfi, a ware asusun taimako dabam, da ƙa'idarsa, a san iyakarsa.

Na biyu, sayarwa ƙasa da abin da kaya suka ci. Farashin sayarwa dole ya rufe kuɗin saye, mota, dako, gadi, asarar buhunan da suka lalace, da ɗan ƙari saboda baɗi kaya na iya tashi. An ga haka lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya daga 2023 zuwa farkon 2024, kayan da aka saba shigowa da su ta can suka yi wuya. Haka kuma a kasa kunne ga sayarwar rangwame da gwamnati ke yi a shekarun ƙarancin ciyawa: idan ta sauka a yankinku da farashin da ya fi naku sauƙi, kayanku na iya tsayawa. Wannan dalili ne na kada a sayi fiye da abin da mambobi suka yi oda.

Na uku, la'adar ɓoye. A Amurka, ƙungiyoyin sayen asibitoci suna samun kuɗin gudanarwarsu ne daga masu sayar musu da kaya, wani ɗan kaso na cinikin, kuma an daɗe ana muhawara a kan ko hakan ba ya karkata zaɓinsu. Tambayar ɗaya ce a wurinmu: wanda ya je ciniki da sunan ƙungiya, wa ke biyansa? Idan dila ya ba shi goro a asirce, to dila yake yi wa aiki. Mafita ita ce ƙungiya ta yanke wa wakilanta kuɗin mota da na abinci a fili, duk ragi ko kyautar da dila ya bayar kuma ta shiga littafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Rajista da haɗuwa da wasu

Ƙungiyar da ta yi rajista tana iya buɗe asusu a banki ko a akwatin ajiya, ta sa hannu a kwangila, ta kuma nemi haƙƙinta idan an cuce ta. Dokar OHADA ta ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 kuma Nijar na cikin ƙasashen da ke bin ta, ta tanadi iri biyu: mai sauƙi, wadda mutum 5 ke iya kafawa, da mai majalisar gudanarwa, wadda ke buƙatar mutum 15 aƙalla. Ko a mai sauƙin, dokar ta raba masu gudanarwa da masu sa ido. Kada a mai da kwamitin sa ido na ado. Shi ne zai ƙirga buhuna ya gwada da littafi. Zauren manoma da makiyaya na jiharku, da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, wurare ne da za a iya neman bayani kan takardu.

Idan ƙungiyarku ƙarama ce, odarta ba ta cika mota ba, a nemi ta ƙauyen da ke kusa. Ƙungiyoyi uku masu tan 10 kowace suna cika babbar mota mai tan 30, buhu 600, kuma a nan ne dila ke fara saurare da kyau. Makiyayan da ke tafiya arewa da damina ma kada a manta da su: a sa ranar taro lokacin da suka dawo, a kuma yi tunanin inda za su kasance da bazara kafin a zaɓi wurin sauke kaya. A ba mata wurinsu a kwamiti, don yawancin tumaki da awakin gida da ragunan turke na Layya a hannunsu suke.

Ba sai an jira wani shiri ya zo ya gina mangaza ba. A fara da kaya ɗaya, a shekara ɗaya: dusa kawai, ko ranar allura ɗaya kafin damina. A rubuta abin da aka kashe, a rubuta farashin kasuwa na watan Mayu, a karanta bambancin a gaban kowa. Idan mambobi suka ga lissafin da idonsu, shekara mai zuwa ba sai an bi su gida-gida neman kuɗi ba. Lokacin fara wannan magana kuwa shi ne da kaka, tun bisashe na da nama a jiki kuma buhu bai tashi ba.